Inda Malam Ya Ajiye Sunan

Lyon, 9 ga Satumba

Shamsiya ƙanwata,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki, ya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi. Ki ce mata ina cin abinci, kada ta sa damuwa. Ni lafiya, sai kumburin ƙafa. Likita ta ba ni ashirin ga Nuwamba.

Na daina kiranki a waya kan wannan magana ne don da na ji muryarki sai in ji ta Yayanki a ciki. In fara kuka, ke ki koma Faransanci da gudu, mu rabu ba mu yi komai ba, ga Inna kusa da ke tana ji. Gara in rubuta a takarda in ɗauki hoto in turo, ke ma ki rubuto, in kwafa a hankali.

Kwana uku kafin Malam ya rasu, a gadon likita, ya ce mini ya zaɓi sunan abin da zan haifa, ya yi huɗubar da bakinsa, ya ɗauka a ordinatar, wato kwamfutarsa. Na ce ya faɗa mini. Ya ce ba a faɗar suna kafin ranar suna, ko a Damagaram ko a Lyon. Na ce to ina ya ajiye? Ya ce, "Kada ki wahala, zai zo miki da kansa." Na ɗauka zazzaɓi ne ke magana. Washegari bai ƙara cewa komai ba.

Ordinatar ta wurin aikinsa ce, masana'antar nan ta Saint-Fons. Sun rubuto da ladabi, sun yi ta'aziyya, sun ce takwas ga Nuwamba za a zo a karɓa, kuma za a share duk abin da ke ciki. Ba zan sa ta a pos in aiko miki ba, in ta ɓata a hanya ban san me zan yi ba.

Yayanku Alhaji Bukari ya zo Juma'a. Ya ce in mace ce a sa sunan Inna, in namiji ne a mayar da sunan marigayi. Ban gaya masa maganar Malam ba. Sunan Inna ba abin ƙi ba ne, amma uban ɗa ya riga ya yi magana.

Na buɗe ordinatar, na san kalmar sirrin. Ekiran baƙi ƙirin, babu hoto, babu kibiyar nan, sai wani ɗan farin abu yana ƙiftawa. Kin san a aji shida na bar lakwal. Ke kika yi irin karatunsa. Ba za ki bar Inna a hawa na tara ki zo ba, ni kuma ina takaba. Ki gaya mini abin da zan danna.

Matar Yayanki,
Latifa

Bobigny, 11 ga Satumba

Matar Yaya,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri, ya nauyin jiki? Inna da sauƙi, jiya ta sha kunu da hannunta.

Na karanta takardarki sau uku a metiro har na wuce inda zan sauka. Wannan halin Yaya ne sak. Mutumin da ya ɓoye mini sakamakon jarrabawata kwana biyu don kawai ya ga fuskata.

Bon. Baƙin ekiran ɗin kada ya tsorata ki. Shi Yaya haka yake aiki, ba ya son hotuna, komai da rubutu yake ba da umarni. Akwai wani umarni mai suna grep, aikinsa ya bi takardu layi-layi yana neman kalmar da kika ba shi. Sunan jaririn ba mu sani ba, ba za mu ce ya nemo abin da ba mu sani ba. Amma in Yaya ya bar miki bayani, sunanki na ciki. Rubuta wannan, ki danna Entrée:

grep Latifa

Ki ba shi lokaci. Ina sauri, mai kula da Inna za ta tafi.

Shamsiya

Lyon, 13 ga Satumba

Shamsiya,

Ina kwananku, ya Inna? Ni dai ban san me zan ce miki ba.

Na rubuta abin da kika ce da hantsi. Farin abin ya sauko layi ɗaya ya tsaya yana ƙiftawa. Kin ce in ba shi lokaci, na ba shi. Na wanke kwanuka, na dawo. Na dafa shayi, na dawo. Azahar ta kusa wuce ni, don tun da na cire ɗan akwatin kiran sallar nan da Malam ya haɗa, sai na duba agogo nake sanin lokaci. Na yi salla, na dawo. Na ce a raina lalle takardun Malam suna da yawa. Har tausayin na'urar na ji, na matso mata da fanka.

Da la'asar haƙurina ya ƙare. Na rubuta: Malam? Ba ta ce komai ba. Na rubuta: Akwai kowa? Shiru. Sai na rubuta: Ni ce Latifa.

Shamsiya, ta amsa. Wani layi ya fito ƙarƙashin nawa, Ni ce Latifa, sunan da ja jawur.

Da cikin nan nawa ban san lokacin da na kai kicin ba. Na karanta Ayatul Kursiyyu sau uku ina riƙe da ƙofar firigo. Na san matacce ba ya magana, na sani. Amma na koma. Na rubuta: Latifa tana gaishe ka. Ta mayar mini. Na rubuta: Latifa ta gaji. Ta mayar. Daga nan na rubuta wasu abubuwa da nake son ji, kada ki tambaye ni su. Duk wanda sunana ke ciki ta faɗa mini, wanda babu sunana ta yi banza da shi.

Yanzu haka tana buɗe kan tebur, ina tsoron kashewa. Mene ne wannan?

Latifa

Bobigny, 14 ga Satumba

Matar Yaya,

Lafiyarmu lau. Ki yafe mini, na yi dariya a biro, wurin aikinmu, har aka waiwayo, daga baya na shiga bayi na yi kuka.

Laifina ne. Na gaya masa abin da zai nema, ban gaya masa inda zai nema ba. In aka yi masa haka ba ya zuwa ko'ina, tsayawa yake yana jiran ki ba shi rubutu da hannunki, duk layin da kalmar ke ciki ya mayar miki. Yinin nan da kika yi kina jiransa, shi ma ke yake jira. Ki danna Ctrl da C tare, zai sake ki.

Ga na gaskiya, wannan zai bi duk dosiyoyin Yaya, inda ya tara takardunsa:

grep -r Latifa ~

Wannan kuma zai jero duk abin sauraro da ke cikin na'urar:

find / -name "*.mp3"

Wanda kike son ji, ki rubuta mpv sannan ki kwafi sunansa gaba ɗaya.

Fankar kuma ki mayar wa kanki.

Shamsiya

Lyon, 19 ga Satumba

Shamsiya,

Ina gajiya. Ki gaishe da Inna. Kafin komai ina da ƙara a kan Yayanki.

Na farkon ya yi aiki. Rubutu ya yi ta zuba, sunana da ja ko'ina, layi ya fi dubu huɗu. Na ce duk wannan ni ya rubuta wa? Na sa tabarau na fara karantawa. Latifa, shekara sifiri. Latifa, shekara ɗari tara da casa'in da tara. Latifa ta zo aiki a makare. Latifa ba ta da adireshi. Latifa ta shiga ɗakin da aka hana shiga. An kori Latifa. An sake korar Latifa. Akwai wani da ya fito fiye da sau ɗari, Latifa supprimée avec succès. Na duba a waya, wai an share Latifa cikin nasara. Cikin nasara, Shamsiya! Shekara shida ina dafa wa mutumin nan tuwo a ƙasar da garin gero sai an je Guillotière.

Na biyun da zagi ya fara. Permission non accordée, Permission non accordée, layi bayan layi, kamar na je firefekti neman takardar zama ba su ba ni rana ba. Na ce da ita ni matarsa ce, wa kuma zai ba ni izini? A tsakanin zagin na tsinto abin sauraro sittin da uku. Na yi alwala, na zauna, na yi bismilla, na sa na farko.

Jiniya ce. Irin ta masana'anta in iskar gas ta ɓalle, kuma Malam ya bar ƙarar a ƙarshenta. Abin cikina ya yi tsalle. Kafin in tuna da Ctrl da C, Nassim maƙwabcinmu ɗan Aljeriya yana dukan ƙofa da tukunyar kashe wuta a hannu, ƙafa ɗaya da silifa ɗaya babu. Na ce masa ta bayan ƙofa ba komai, mijina nake nema. Ya ce Allah ya jiƙansa, ya tafi a hankali. Matarsa ta aiko mini da miya.

Na rage ƙarar na saurari sauran duka, kwana biyu. Jiniya iri-iri, da wata mata tana cewa a fita daga ginin. Babu muryarsa ko a ɗaya.

Ba na iya zama. Daga taga zuwa tebur, daga tebur zuwa taga. Saura kwana hamsin.

Latifa

Bobigny, 21 ga Satumba

Matar Yaya,

Inna na gaishe ki. Na kare Yaya a ƙarar nan. In mun rubuta tsarin da zai riƙe sunayen ma'aikata, sai mun gwada shi da mutumin ƙarya, mu kore shi, mu share shi, mu ga ko tsarin zai karye. Mutane suna sa Dupont ko Toto. Shi duk ranar Allah sunanki yake bugawa. Ni haka na karanta layi dubu huɗun.

Hanin izinin ba da ke ake ba, ɗakunan na'urar ne na kanta, ni na tura umarnin tun daga ƙofar gari maimakon gidan Yaya. Gwada wannan, yana da sauri:

locate huduba

Shamsiya

Lyon, 22 ga Satumba

Shamsiya,

Ban ma gaishe ki ba, ki yi haƙuri. Ya fito. Layi ɗaya tak:

/home/kader/perso/bebe/huduba.ogg

Na yi sujada a kan kafet. Na sa turare, na canja mayafi kamar zan yi baƙo. Na kwafi sunan harafi-harafi bayan mpv. Ta ce babu wani abu mai wannan suna. Na sake, na sake, sau tara. Na koma na tambayi locate, ya ce yana nan. Na je in ɗauka, aka ce babu. Ɗaya yana cewa akwai, ɗaya yana cewa babu, a cikin na'ura guda. Wanne ke ƙarya?

Latifa

Bobigny, 23 ga Satumba

Matar Yaya,

Babu mai ƙarya. Locate ba ya zuwa ya duba, tsohuwar rajista yake karantawa, kuma Yaya bai sabunta ta ba tun kafin ya kwanta. Abin ya taɓa zama a wurin, daga baya aka cire. Bari in yi tunani. Ko ba mu samu ba, jaririn ba zai rasa suna ba.

Sh.

Lyon, 6 ga Oktoba

Shamsiya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, tunda ba ni da hanyar sani. Kwana goma sha uku ke nan. Na turo saƙo uku, na ga kin buɗe.

Na san jaririn ba zai rasa suna ba. Ko kyanwar Nassim tana da suna. Jumlar nan taki kusan ita Alhaji Bukari ya faɗa mini da ya kawo kaji ranar Lahadi, har na ce ko kun yi magana ne. In kun gama shawara a gidanku ki gaya mini kai tsaye, in daina wahalar da idona. Ni bare ce, na sani, amma ni aka gaya wa maganar nan a gadon likita, ba wani ba.

Na gwada da kaina. Na rubuta mata: ina huduba. Ta ce commande introuvable, wai ba ta san wannan umarni ba. Na rubuta da Faransanci, na sa s'il vous plaît, ta ce haka nan. Na koma grep Latifa, irin na farko marar wuri, don shi kaɗai ke amsa mini a gidan nan.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, wa ya cire? Ba mai taɓa na'urar nan sai shi. Ko ya fasa ne? Ko ya saurari muryarsa ya ji ciwo ya cinye ta, ya share don kada in ji? Zai iya. To me ya sa ya ce zai zo mini da kansa?

Ina ƙirga tiram da ke wucewa ƙarƙashin taga. Na ninke kayan jariri na warware sau nawa ban sani ba. Likita ta ce jinina ya hau, in huta. Ina zan huta?

In na yi miki laifi ki faɗa.

Latifa

Bobigny, 15 ga Oktoba

Matar Yaya,

Ki yafe mini. Inna ta faɗi a bayi washegarin da na rubuto miki, ƙashin ƙugunta ya tsage. Sati uku ina tsakanin biro da likita. Na hana Alhaji ya gaya miki saboda cikinki. Jiya aka sallame ta, tana cin abinci, tana faɗa da kowa, alhamdu lillahi.

Ban yi shawara da kowa ba. Jumlar nan kaina na rubuta wa, don na ji tsoro na sa miki rai a kan abin da ya tafi. Kuma kada ki ƙara cewa bare. Ke kika rufe masa ido, ni ina cikin jirgin ƙasa.

A ɗakin jira na tuna wani abu. Muna ta tambayar na'urar ina abin yake, ba mu tambaye ta me Yaya ya yi da shi ba. Tana riƙe duk umarnin da ya buga. Rubuta:

history | grep huduba

Tsayayyen layin nan na tsakiya, ki riƙe AltGr ki danna shida. Kwafo mini duk abin da ya fito.

Shamsiya

Lyon, 16 ga Oktoba

Shamsiya,

Innalillahi. Kunya ta hana ni barci. Ki sa wa Inna hannu a ka ki ce daga ni, ki yafe mini bakina. Ga abin da ya fito. Na farkon sau biyar ya maimaitu.

mpv huduba.ogg
scp huduba.ogg salla:
rm huduba.ogg

Latifa

Bobigny, 16 ga Oktoba

Matar Yaya!

Bai fasa ba! Ya saurara sau biyar, ya tura wa wata na'ura, sannan ya share na nan don kada ki yi tuntuɓe da shi. Sati biyar muna birkita gida, ashe an kwashe kayan zuwa wani gidan. Ɗayar na'urar ya sa mata suna salla, kuma tana cikin gidanku, ko ta taɓa zama. Ƙarama ce, ƙila kamar sabulu. Me kike da shi haka?

Sh.

Lyon, 24 ga Oktoba

Shamsiya,

Ina gajiya, ya ƙugun Inna? Na daɗe ban amsa ba don amsar ba ta da daɗi.

Akwatin kiran salla ne. Kin san a nan ba a jin masallaci, sai ya haɗa wani ɗan abu da lasifika ya ɗora kan firigo, ya ɗauki muryarsa yana kiran salla, sau biyar a rana take tashi. Asubar da ta biyo bayan jana'iza ina kwance, gida cike da mata, sai ga shi yana Allahu Akbar daga kicin. Ban san yadda na tashi ba. Na fizge wayar daga bango, na cusa akwatin cikin aljihun wata rigarsa ta sanyi. Bayan sadakar bakwai Alhaji ya kwashe tufafin duka, za a kai gida a raba. Ka ji mai cewa zai zo mini da kansa. Ya shirya komai, bai shirya da ni ba.

Dole na kira Alhaji. Na gaya masa duka tun daga gadon likita, ina jiran ya ce suna ai an riga an yanke. Sai ya ce, "Latifa, wata biyu kina ɗauke da wannan ke kaɗai? Ƙanina ne fa. In ya yi magana, ni wane ne?" Na rasa inda zan sa fuskata.

Kayan suna ma'ajiyar wani mai tura kaya Yamai, can bayan Saint-Fons, kwantena za ta tashi farkon wata. An haɗe su da na mutane, manyan jakunkuna masu zane iri ɗaya sun fi arba'in, kuma alamar da Alhaji ya yi da alli ta goge. Mai wurin ya ce wa Alhaji ya buɗe, amma duk wadda ya buɗe ya mayar yadda take. Kullum in Alhaji ya tashi aiki sai ya je, da bayan nan nasa mai ciwo. Jiya ya kira ya ce ya buɗe goma sha ɗaya, ya ga tukwane, ya ga takalman yara, ya ga injin markaɗe uku. Na ce masa na san wannan aikin, in ya ji jiniya kada ya tsorata. Bai gane ba.

Marata tana ɗaurewa tun shekaranjiya. Na ce wa abin ciki ya dakata, baffansa bai gama ba.

Latifa

Lyon, ɗakin haihuwa, 31 ga Oktoba

Shamsiya,

Bai dakata ba. Kin ji daga Alhaji, mace ce, ranar Talata da hantsi, sati uku kafin lokaci. Ƙarama ce amma lafiyayya, goshin ubanta ne da ita. Alhaji ya yi mata kiran salla a kunne, ya tsaya nan, bai ambaci suna ba. A abin hannunta an rubuta bébé kawai.

Ga wata sabuwa. A nan kwana biyar ake ba mutum ya rubuta haihuwa a meri, ofishin magajin gari, da suna. Ba su san bakwai ba. Saboda Lahadi sun ce Litinin ce ƙarshe. Wata mata mai takardu tana leƙowa kowace safiya tana tambaya, ina ce mata ubanta bai faɗa ba tukuna. Ta duba dosiyena ta ga ya rasu, yanzu a hankali take mini magana kamar Nassim.

Yanzu-yanzu Alhaji ya kira yana haki. Jaka ta talatin da ɗaya. Akwatin yana hannunsa. Asabar za a sallame mu. Me zan danna?

Latifa

Bobigny, 31 ga Oktoba

Maman bébé,

Barka, barka! Inna ta yi guɗa daga kan gado. Ki mayar da akwatin inda yake, ki sa masa wuta, ki jira minti biyu. Daga ordinatar Yaya, don ita kaɗai ke da mabuɗinsa:

ssh salla
crontab -l
mpv huduba.ogg

Na farko zai shigar da ke, na biyu zai nuna abin da Yaya ya tsara, na uku kin san shi. Na duba sau goma, ban manta komai ba wannan karon. Ki ɗauka a waya saboda Inna.

Sh.

Lyon, 2 ga Nuwamba

Shamsiya,

Mun dawo gida lafiya. Zan turo abin da na ɗauka, amma ki fara karanta wannan.

Alhaji ya ɗora akwatin kan firigo, matarsa na riƙe da jaririya. Ina cikin kwafar layinki na farko lokacin la'asar ya yi, sai ga muryar Malam daga kicin. Wannan karon ban fizge komai ba. Alhaji ya juya ya fuskanci bango har aka gama.

Na biyun ya nuna lokutan salla, da wani layi dabam a ƙasa mai huduba a ciki, da 27 da 11 da 7. Alhaji ya ƙirga da yatsu. Ashirin ga Nuwamba da kwana bakwai, bakwai na safe. Wato ya ɗauki ranar da likita ta faɗa kamar ranar tashin jirgi. Da ban cire akwatin ba ma, da sai yarinya ta yi wata guda sannan firigo ya raɗa mata suna. Alhaji ya yi dariya har da hawaye, ya ce, "Injiniya ke nan. Bai taɓa ganin haihuwa ba."

Na sa na uku, aka matso da kunnenta kusa da lasifika. Da tari ya fara. Ya ce, "Yana ɗauka? To." Ya yi bismilla, ya yi salati, ya yi addu'ar da ake yi, muryarsa a shaƙe amma tasa ce. Ya faɗi na namiji. Sannan ya ce, "In mace ce, sunan mahaifiyar Latifa, wadda ba ta ga aurenmu ba." Ya faɗe shi sau uku. Ya ce, "Inna ta yafe mini, Yaya Bukari ya riga ya yi mata takwara biyu. Latifa, kin ga ya zo da kansa. Na ce miki kada ki wahala."

Alhaji ya ce, "An ji, an karɓa." Litinin zai je meri, Talata a yanka rago.

Kin san ba zan iya faɗar sunan ba. Na uwata ne, kuma 'yar fari ce. Za ki ji daga bakinsa.

Latifa

Lyon, 8 ga Nuwamba

Shamsiya ƙanwata,

Ina gajiyar suna, ko da daga nesa kuka yi ta. Na ji saƙon Inna, na saurara sau da yawa. Ki ce mata na gode da ta ce sunan ya yi. Yarinya tana shan nono, muna kiranta Ummi. Akwatin yana kan firigo, yana kiran sallarsa. Layin ashirin da bakwai na bar shi yadda yake, ranar zan yi shayi in zauna in jira.

Matar biron masana'antar ta zo ɗazu da hantsi karɓar ordinatar. Na ba ta kujera, na ce ta ba ni minti biyar. Wata biyu ina neman sunan nan, na same shi, kowa ya faɗa a gidan nan ranar Talata ban da ni. Sai na buɗe baƙin ekiran na yi irin kuskurenki na farko, na ba grep kalma ban ba shi wuri ba. Ya tsaya yana jirana. Na rubuta layi ɗaya, ya mayar mini da ja:

Halimatou ta zo lafiya, Malam.

Na danna Ctrl da C, na rufe, na miƙa mata.

Matar Yayanki,
Maman Ummi